Dalolin da Na Tara Don Komawa Gida

Ni 'yar ƙasar Manga ce, daga wani ƙaramin gari a hayin iyaka, ɓangaren da Faransa take mulki. Gishirin mangul da kanwa su ne sana'ar mutanenmu. Mijina kuwa mutumin Katagum ne, mai sayen fata da ƙirgi. Sau biyu ya zo garinmu tare da fatake yana sauka a gidan ƙanen mahaifina, muka ga juna, muka so juna, aka ɗaura mana aure. Aka ɗora ni a kan takarkari, muka yi kwana goma sha ɗaya a hanya.

Ranar da za mu tashi mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta ƙulla mini dala biyar ta azurfa a bakin zane. Dala ita ce babban kuɗin wajenmu, tamma biyar ke cikinta. Ta ce, "Kowace ɗaya sule huɗu ce a ƙasar Ingilishi, haka mahaifinki yake canja ta. In kin ji kewa ki zo, kada ki jira sai an aika miki."

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, abin da ta sani game da kuɗi na zamaninsa ne. Ba ta san cewa tuni dalar takarda ta shigo ba, balle ta san yadda take a wajen masu sule.

Katagum da na tarar gari ne babba mai ganuwa, ga kogi ga fadama, amma sarauta ta koma Azare da 'yan shekaru, mutane kuma suna bin ta gida bayan gida. A unguwarmu in ka wuce ƙofa uku, ɗaya kango ce. Gidan mijina ɗaki huɗu ne, mu biyu muke cikinsa, ni da ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi, wadda kowa ke kira Goggo. Shi kansa ba mazauni ba ne. Yau yana kasuwar Sakwa, jibi yana Yana, daga nan Jama'are, ya tara fatu ya kai Azare inda ake auna su. In ya yi kwana biyar a gida cikin wata, to an samu.

Goggo mace ce mai kirki, amma Fillanci ya fi zama a bakinta. Ni kuma Barbarci na tashi da shi, Hausata ta sayen barkono ce. Muka yi watanni muna zaune tsakar gida ɗaya, ta nuna turmi in ɗauko, in nuna tulu ta girgiza kai ko ta gyaɗa. In na yi kuskuren magana takan yi murmushi ta gyara mini sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Matan unguwa suka sa mini Babarbariya, sunan ya bi ni har tsufa.

Aikin da na iya shi ne kaɗi, shi na kama. Ina gurza auduga, in shiɓe ta, in zauna gindin bangon ɗakina da mazari tun hantsi har inuwa ta juya. Akwai maƙwabciyarmu dillaliya, ta girme ni da 'yan shekaru, ina ce mata Yaya. Ita take zuwa ta karɓi zaren ta kai wa masaƙa, ta dawo mini da kobo da sisi, wani lokaci sule. Ita ta koya mini kuɗin nan, anini goma kobo ɗaya, kobo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Na daɗe ina lissafa su da tamma a zuciyata kafin in amsa mata.

Da rani ya yi, fataken mangul suka iso daga wajenmu. Madugunsu dattijo ne, abokin mahaifina. Ya tambayi gidanmu har ya samu, ya yi sallama a zaure da Barbarci. Ina cikin tankaɗe na ji muryar. Na saki rariyar a ƙasa, sai da ya sake sallama na amsa.

Na durƙusa a bakin zaure muka gaisa. Ya ce mahaifiyata lafiyarta ƙalau, akuyarta ta haifi biyu, rijiyar unguwarmu ta rufta an haƙa wata. Ya miƙo mini dunƙulen mangul da ta aiko. Na yi ta jan sa da tambaya don kada ya tashi. Wane ya yi aure? Wance ta haihu? Bishiyar aduwar ƙofar gidanmu tana nan? Shekara guda ke nan ban yi magana mai tsawo da kowa ba, har muƙamuƙina ya gaji.

Da zai tafi ya ciro wasu takardu daga aljihu yana juya su. Ya ce, "Kin ga abin da ake biyanmu da shi yanzu. Dala ce, amma ta takarda. Nan babu mai karɓarta, ni kuma ina son sule in sayi zannuwa."

Na ce, "Baba madugu, nawa ake ba da ita?"

"Dala ɗaya, sule ɗaya."

"Ba sule huɗu ba?"

Ya yi dariya kaɗan. "Wannan zancen da ne, 'yata. Ta azurfa ce take da wannan nauyi, ita kuwa ta ɓuya."

Ina da sule uku na zare. Na shiga na ɗauko na ba shi, ya ba ni takarda uku. Bayan ya tafi na zauna bakin gado na kai su hancina. Warin kanwa suke yi, da gumin takarkari, da hayaƙin itacen wajenmu. Na sa su cikin wani gwangwani mai murfi saboda gara, na ce a raina waɗannan su ne guzurina ranar da zan je gida.

Da mijina ya dawo na nuna masa. Ya ɗaga ɗaya yana duba zanen da ke jiki.

Ya ce, "Takardar Faransa kike saye? Mutane gudunta suke yi."

Na ce, "Malam, ai can zan kashe ta."

"To, kuɗinki ne. Baɗi in Allah ya kai mu, ni da kaina zan kai ki."

Da gaske yake, na sani. Amma baɗin ta same ni da ciki, wadda ta biyo ta same ni da goyo, 'ya mace, ita kaɗai Allah ya bar mana cikin uku da na haifa. Ba a ɗaukar jaririya kwana goma sha ɗaya a kan takarkari. Madugu ya ci gaba da zuwa kowane rani, yini ɗaya a shekara nake jin harshenmu. Duk abin da na tara na zare, in na cire na goro da turmin zanen da nake aika wa mahaifiyata, sai in miƙa masa ya ba ni dala. Wata shekara ya ba ni dala da tamma ɗaya a kowane sule. Na yi murna, na ga kamar kyauta aka yi mini.

Wata rana da hantsi Goggo ta tarar da ni na baza takardun a kan tabarma ina shanya su, don damina takan sa su yi laushi. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sai ta yafito ni zuwa ɗakinta, ta ja wata babbar tukunya daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Kuɗin wuri ne cike har baki, ya yi ja saboda daɗewa.

Ta ce da Hausarta mai gauraye da Fillanci, "Na mijina ne. Da wannan ana sayen saniya. Yanzu ko nono ba a ba ni."

Na sa hannu na ɗebo, na sake su suna zuba. Na ce, "Goggo, me ya sa ba ki canja ba tun da wuri?"

Ta ce, "Kowa ya ce sule ba zai daɗe ba."

Ta rufe tukunyar ta tura ta ƙarƙashin gado. Na gane abin da take gaya mini sarai, amma na ce a raina nata daban ne. Wuri ba shi da ƙasa, dala kuwa tana da ƙasarta, kuma ƙasar tana nan, uwata tana cikinta.

Bayan wasu shekaru abin ya juya. Fara ta sauka ta cinye gero, kasuwar fata ta mutu, mijina yana yawon kasuwanni yana dawowa da jakinsa babu kaya. A wannan lokacin ne dala ta yi nauyi. Madugu ya zo, na ba shi sule, ya ba ni tamma huɗu kacal a kowane ɗaya, ko dala ba ta cika ba. Ya ce a can ma haka ake yi, an ce kuɗin Ingilishi ne ya yi rauni. Maimakon in ji haushi sai na ji wani daɗi da ban iya faɗa wa kowa ba. Na ji kamar garinmu ne aka ɗaga.

Mijina ma ya ji labarin a Azare. Wata la'asar yana zaune yana gyara igiyar mangala, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Na ji an ce takardunki sun yi tsada. In kika canja su yanzu, za ki samu fiye da abin da kika zuba."

Na ci gaba da murza mazarina.

Ya ce, "Da za a samu ɗan jari, da na sayi fatun da ake zubarwa a banza, in ajiye har kasuwa ta farfaɗo."

Na ce, "Malam, guzurin zuwa gida ne."

Ya ɗan jima yana murza igiyar, sannan ya ce, "Gaskiya ne." Bai sake tayar da zancen ba har ya mutu. Bayan mako biyu ya sayar da jakin, ya koma ɗaukar fata a ka. Na gan shi ranar da ya fara fita da kaya a ka, na koma ɗaki na buɗe gwangwanin, na daɗe ina kallonsa. Ban kira shi ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ba rowa ba ce, ko da yake da rowa ta yi kama. Gani nake in na mayar da su sule, to na zama 'yar Katagum ke nan, hanya ta rufe a bayana.

A shekarun nan babu zancen tafiya, abin da za a ci ake nema. Da ƙasa ta ɗan warware kuma sai Goggo ta kwanta. Ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ni nake ɗaga ta, ni nake wanke ta, ni nake ba ta kunu da ludayi. 'Yata tana taimaka mini, amma ba aikin da za a bar wa yarinya ba ne. A wannan jinyar ne ni da Goggo muka fi yin hira, don ta ga ba ta da kowa sai ni. Ta ba ni labarin rugarsu, da shanun mahaifinta, da yadda ita ma aka kawo ta gari ba ta jin Hausa. Ba ta taɓa tambayata labarin garinmu ba, ni ma ban fara ba.

Zuwan madugu na ƙarshe, ya tsufa ƙwarai, sai da aka riƙe shi ya sauka daga kan jaki. Ayarin ma ya ragu, ya ce tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru yawancin masu mangul can suke tsayawa. Na kawo sulallana, ya ƙirga mini kusan dala biyu a kowane sule. Na ga takardu sun yi yawa a hannuna, fuskata ta washe. Shi bai yi murmushi ba.

Ya ce, "'Yata, kada yawan ya ruɗe ki. Ta yi yawa ne don ba ta da nauyi. Abin da dala take saye bara, bana sai biyu. Ki riƙe sulenki, ranar da za ki tafi kya canja."

Na ce, "Na saba, Baba madugu."

"To ki biyo mu bana. Mahaifiyarki idonta ya fara rauni. Ba ta ce in faɗa miki ba, ni ne na ga ya kamata."

Na waiwaya cikin gida, inda Goggo take kwance a inuwar zana tana korar ƙuda da mafici. Na ce, "Wa zan bar wa ita? Ka ce mata baɗi."

Ya ce, "Zan faɗa mata." Ya karɓi goron da zanen ya tafi.

Baɗin nan yaƙin Turawa ya kai ga iyaka. Aka ce Faransa da Ingilishi sun saɓa, an rufe hanya, wanda aka kama yana tsallakawa da kaya sai a ƙwace, wani ma a ɗaure shi. Rani ya zo ya wuce babu sallama da Barbarci a zauren gidanmu. Na riƙa tsayawa bakin ƙofa da yamma in na ji motsin dabbobi, sai in ga shanun gari ne suke dawowa daga fadama. Mangul ya yi wuya a kasuwa. Dunƙulen ƙarshe da aka kawo mini na riƙa ɗan kankararsa a miya ranar Juma'a kawai, har ya ƙare.

Goggo ta rasu cikin shekarun nan, lokacin da hannuna ya sake amma hanya take rufe. Bayan ta da shekara biyu aka yi wa 'yata aure aka kai ta Jama'are. Yadi ya yi tsada, komai ya yi tsada, ba ni da abin da zan sa mata na a zo a gani. Na kwance dala biyar ɗin azurfa da mahaifiyata ta ba ni, na ba mijina ya kai wa maƙerin fari, ya narkar da su ya yi mata warwaro biyu da zobe. Maƙerin ya aiko cewa in ina da wasu zai saya da tsada. Ba ni da su. Na takarda kawai ke gare ni, cike da gwangwani.

Daga nan gidan ya zama ni kaɗai. Ɗaki huɗu, mutum ɗaya. In mijina ya fita nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba sai dillaliya in ta zo karɓar zare. Mu gaisa, ta auna, ta ba ni labarin wanda ya tashi ya koma Azare, ta tafi. Nakan yi wa kaji magana da Barbarci don kada harshen ya tsere mini. Sule kuwa na daina tarawa, tunda babu wanda zan miƙa wa, abin da na samu cefane yake tafiya.

Aka ce yaƙi ya ƙare, an buɗe hanya. Na jira rani ɗaya, na biyu, na uku. Mijina ya yi ta tambaya a kasuwanni ko akwai mai zuwa wajenmu, aka ce yanzu sai a bi ta Nguru da mota, kuma kuɗin motar mutum biyu ba ƙarami ba ne. Muna cikin wannan shawarar ne wata rana aka yi sallama a zaure da Barbarci. Ba muryar da na sani ba ce. Wani magidanci ne mai gemu, ya ce shi ɗan madugu ne, mahaifinsa ya rasu, kafin ya rasu kuma ya kwatanta masa gidan, ya ce in ya bi ta Katagum ya tsaya.

Na yi masa gaisuwar mahaifinsa. Sannan na tambaye shi mahaifiyata. Ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Iya, ashe labari bai iso ba? Ai ta rasu tun shekara ta biyu da rufe hanya."

Na lissafa a zuciyata, shekara bakwai ke nan. Shekara bakwai ina yi mata addu'ar lafiya bayan kowace salla. Na tambaye shi ko ta bar saƙo. Ya ce bai sani ba, lokacin yana daji wajen dafa gishiri, amma ya ji an ce ba ta daɗe tana jinya ba. Na so in tambaye shi wa ya yi mata wanka, wa yake zaune a ɗakinta yanzu, sai na nemi kalmomin na rasa. Na fara da Barbarci na ƙarasa da Hausa. Ya amsa mini da Hausa shi ma, cikin ladabi, daga nan har ya tashi ba mu koma wa harshenmu ba.

Kafin ya tafi na ɗauko gwangwanin na buɗe masa. Ya riƙa ɗaga takardun ɗaya-ɗaya yana ware su gida biyu.

Ya ce, "Waɗannan tsofaffin bugu ne, tun ina yaro rabona da ganinsu, ban sani ba ko za a karɓa. Waɗannan kuma ana karɓa. Amma yanzu kuɗinmu sefa ake ce masa, kuma sai dala biyar ake ba da sule ɗaya."

Na ce, "Ko za ka karɓa ka ba ni sule?"

"Iya, ni ma sulen nake nema. Ki kai Azare, akwai 'yan canji a kasuwa."

Shekara ashirin da uku ina Katagum ban taɓa zuwa Azare ba, alhali sunanta nake ji kullum. Mijina ya ce zai kai ni. Muka hau motar gyaɗa, na zauna a kan buhu na rungume gwangwanin cikin mayafi. Garin ya ba ni tsoro, ga kantuna, ga kekuna, ga mutane kowa yana sauri. Na ga fuskoki da yawa na tsofaffin maƙwabtanmu da suka tashi, wasu suka gane ni, wasu ba su gane ni ba.

Mai canjin wani mutum ne siriri, yana zaune a rumfa kan tabarma, gabansa tarin sulalla da takardu an danne su da duwatsu. Mijina ya yi masa bayani, na durƙusa gefe na miƙa gwangwanin. Ya zazzage, ya riƙa lasar yatsa yana juya su. Ya ɗaga wata tsohuwa wajen haske.

Ya ce, "Iya, daga ina kika taso da waɗannan? Ko kin daɗe a ƙasar Faransa ne?"

Na ce, "Daga Katagum."

Ya dube ni, ya dubi mijina, bai ƙara tambaya ba. Ya ture tsofaffin gefe ya ce waɗannan ba zai iya ba, ko ya karɓa babu inda zai kai su. Sauran ya ƙirga biyar-biyar, ya cire ladansa, ya zuba mini sule goma sha shida a tafin hannu. Abin da na miƙa wa madugu cikin shekarun nan ya kai fam biyar, ko ya ɗan fi. Na ƙulle su a bakin zane, ƙullin bai kai girman ƙwan kaza ba. Tsofaffin takardun na bar su nan kan tabarmarsa. Ya kira ni ya ce na manta, na ce ya bari.

Muka fito muna tafiya a gefen rumfunan masu hatsi, mijina yana gaba ina biye. Na zaci zai tuna mini da jakinsa, kuma da ya yi, da ban ga laifinsa ba. Sai ya tsaya ya jira na iso.

Ya ce, "Ni ne ban kai ki ba. Sau nawa na ce baɗi."

Na ce, "Malam, ni ma na faɗa."

Muka tsaya nan har wani mai amalanke ya ce mu kauce. Na ce masa ina son in yi wa mahaifiyata sadaka da kuɗin, duka. Muka sayi gero da shinkafa da man gyaɗa da ɗan sukari, ya ɗauka a ka har tashar mota.

Da muka koma Katagum na jiƙa shinkafa na toya waina, na daka gumba. Mijina ya kira malamai uku suka yi addu'a a zaure. Ni kuma na zuba a kwanuka na bi gidajen unguwar da suka rage da mutane, ba su fi goma ba. Na ƙare da gidan dillaliya. Na same ta tana tsinke zogale, ta karɓi kwanon ta buɗe.

Ta ce, "Babarbariya, sadakar wa?"

Na ce, "Ta mahaifiyata, Yaya."

Ta ajiye kwanon a hankali. "Ashe duk shekarun nan kina da uwa a raye? Wallahi na ɗauka marainiya aka kawo ki. Ban taɓa jin kin ambace ta ba."

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ta jawo tabarma ta shimfiɗa mini. Ta ce in zauna. Ta ce, "To yaya take? Doguwa ce kamarki?"

Na ce a'a, gajeriya ce, mai saurin tafiya, in tana daka takan ciji leɓenta na ƙasa. Na gaya mata yadda take ƙin miyar da babu yaji, da yadda take faɗa da akuyarta kamar mutum, da yadda take kitsa mini kai tana matse ni tsakanin gwiwoyinta don kada in gudu. Da Hausa na faɗa duka, kuma ta ishe ni. A nan ne na yi kukan da ban yi gaban ɗan madugu ba. Dillaliya ba ta ce in yi haƙuri ba, ta ci gaba da tsinke zogalenta tana saurare, in na tsaya ta sake jefo wata tambayar. Sai da aka kira la'asar na tashi.

Bayan shekara biyu mu ma muka rufe gidan Katagum muka koma Azare, don ƙafar mijina ta gaji da yawon kasuwanni, ya samu aikin auna fata a rumfar wani. Dillaliya ta riga mu tashi, ta bi ɗanta zuwa Yana, ba mu sake haɗuwa ba. Garinmu ban je ba. Lokacin da motoci suka yi yawa, kuɗin mota ya yi sauƙi, 'yata ta ce za ta raka ni, na ce mata ta bari, waɗanda suka san ni a can sun ƙare. Na ci gaba da kaɗi a Azare har zaren kanti ya cika kasuwa, masaƙa suka daina aikowa.